Yadda Ake Saba wa Harshe da Zancen Yau da Kullum a Turanci

Duk wanda ya taɓa zama a ajin Turanci, ko a firamare ko a makarantar yaƙi da jahilci, ya san abin da malami yakan fara sa ɗalibi ya faɗa bayan gaisuwa shi ne yadda yake tafiyar da yininsa: yaushe yake tashi, me yake ci, ina yake zuwa, yaushe yake kwanciya. Hikimar wannan kuwa ita ce, akasarin zancen ɗan Adam, a kasuwa ne ko a ofis ko a gaban likita, a kan al'adarsa ta kullum yake gudana, kuma Turawa sun keɓe wa al'ada siga guda ta fi'ili, wadda masu nahawunsu suke kira "simple present". Wanda bakinsa ya saba da ita, ya samu mabuɗin hira.

Mu ma muna da irinta, domin idan Bahaushe ya ce nakan tashi da asuba, ko takan dafa tuwo da dare, al'ada yake bayyanawa. Sai dai a Hausa fi'ilin ba ya motsi, 'yar kalmar da take gabansa ce take ɗauke da lokaci da mai aikin. Wanda ya karanci Ajurumiyya kuwa ya san cewa a Larabci alamar mudari'i a farkon kalma take zama, alif ko nun ko ya ko ta. Baturen Ingila shi a ƙarshe yake sa tasa alamar, kuma ga mutum ɗaya tak wanda ake ba da labarinsa: za ka ce "I go", "we go", "they go", amma da zarar zance ya koma kan shi ko ita, sai ya zama "he goes", "she goes". Ƙa'idar ke nan, ana iya haddace ta a zama ɗaya, amma sai an yi watanni kafin harshe ya miƙa wuya.

Wurare uku ne aka fi yin tuntuɓe. Na farko, tun da a Hausa daidai ne a ce ina zuwa kasuwa kullum, sai mai koyo ya ce "I am going to the market every day", alhali Bature yakan ajiye "am going" ga abin da yake cikin yi yanzu. Na al'ada shi ne "I go to the market every day". Na biyu ya fi hatsari, domin ma'ana yake juyawa: mutane da yawa a Nijeriya suna ɗaukar "used to" a madadin nakan, ga shi kuwa abin da aka saba yi a dā aka daina take nufi, har mutum ya ce "I used to pray in this mosque" yana zaton ya faɗi masallacin da yake salla, mai sauraro kuwa ya fahimci ya bar zuwa. Na uku yana cikin tambaya da korewa, inda "does" take karɓe alamar daga fi'ili, a ce "Does she cook?" ko "She doesn't cook", ba tare da an sake liƙa wa "cook" komai ba.

Akwai kuma matsalar lafazi, wadda alƙalami ba ya gyarawa. Galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, ba mu saba tara baƙaƙe biyu ko uku a wutsiyar kalma ba, shi ya sa a "works" da "asks" harafin ƙarshe yakan zube a hanya, ko da mai maganar ya san yana nan. Harafin nan kuma amo uku gare shi: a "works" sautin s ne, a "reads" sautin z, a "washes" da "teaches" kuwa gaɓa ce cikakkiya take ƙaruwa. Magabata ba su raina wannan fanni ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta yi suna wajen kula da furucin Turanci, kuma cikin ɗalibanta akwai Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daɗin lafazinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya.

To, ta yaya za a yi bita? Mai koyo ya ɗauki yininsa ya raba shi bisa lokutan salla biyar, ya faɗi jimla biyu ko uku a kan kowanne da murya a bayyane, kamar mai tilawa: "I wake up before dawn. I pray, then I sweep the compound." Sannan ya juya zancen kan wani, domin nan ne alamar take fitowa. Ya dubi mai shayin bakin titi da sassafe, yadda yake hura wuta, ya ɗora tukunya, ya yanka burodi, ya fasa ƙwai a kofi yana kaɗawa, ya riƙa faɗa: "He lights the fire. He boils the water. He fries the eggs." Daga nan ya ƙara kalmomin da suke nuna yawan aukuwa, "always", "usually", "sometimes", "never", waɗanda mazauninsu gaban fi'ili ne. A ƙarshe ya samu abokin muraja'a, ɗaya ya tambaya "What time do you close your shop?", ɗaya ya amsa, su yi musanya, in babu aboki, ya naɗi muryarsa a waya ya saurara, zai ji da kunnensa inda harafin ya faɗi.

Babban abin da yake tauye masu koyo shi ne kunya, musamman manya da suke tsoron yara su ji kuskurensu. Amma neman ilimi ba ya tafiya tare da jin nauyi, kuma minti 10 na magana kowace safiya sun fi sa'a 2 na kwafar ƙa'idoji a littafi amfani. Wanda yake da niyya ya fara gobe bayan asuba da jimla biyar a kan kansa, jibi ya ƙara biyar a kan maƙwabcinsa, ya dawwama a haka har ya wayi gari yana faɗarsu ba tare da ya tsaya tuna ƙa'ida ba.