Kafin a manna karo a makewayi: yadda za a hana ruwan wanka cin bango

Masu saurarenmu na Gaya da ƙauyukan kewaye, da ku 'yan uwa da ke bin mu daga Yamai, Kwatano, Legas ko ƙasashen Turai, yau batunmu a kan gyaran wurin wanka ne. Gidaje da dama yanzu ana sa musu karo, wanda maƙwabtanmu na Kamba ke kira tayil, kuma sau da yawa ɗan gidan da ke ci-rani shi ke turo kuɗin. Aiki ya ƙare, wuri ya yi kyau, a aika masa hoto. To amma bayan damina ɗaya ko biyu sai ka ga bangon ɗakin da ke manne da makewayin ya fara jiƙa, fenti na ɓarewa, wani farin abu kamar kanwa na fitowa a gindinsa.

Dalilin shi ne karo ba ya tare ruwa shi kaɗai. Jikinsa dai ruwa ba ya ratsawa da sauƙi, amma simintin da ake cike tsakanin karo da karo yana shan ruwa, kuma yana tsagewa da daɗewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan da ya shiga ƙarƙashi ba ya ganin rana bare ya bushe, sai ya bi daɓe ya hau bango a hankali.

A nan Gaya abin ya fi tsanani. Yankinmu na cikin waɗanda suka fi samun ruwan sama a duk Nijar, kusan milimita 800 a shekara, ga kuma kogin Isa a gefenmu. Da damina ƙasa a jiƙe take, bangon da ya sha ruwa ba ya saurin bushewa. In kuwa ginin ƙasa ne, gindin bangon ke fara narkewa, alhali nan ne ke ɗauke da nauyin ɗaki gaba ɗaya.

Ga abin da ya kamata magini ya yi, bi da bi.

Da farko a gwada tiyo. Kafin a binne shi cikin bango, a sake masa ruwa a duba kowace mahaɗa. Ɗigon da ba a gani ba yau, gobe sai an fasa karo kafin a kai gare shi.

Na biyu, gangaren daɓe. Ƙasan makewayi ya karkata zuwa ramin da ruwa ke fita, santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita. Gwajin ba wuya: a zuba bokitin ruwa a nesa da ramin. In ya kwanta a wani lungu, a gyara tun siminti ne kawai.

Na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, wato maganin hana ruwa. Iri biyu ne. Akwai garin da ake haɗawa da siminti wajen kwaɓi, irin su Sikalite, wanda aka saba sa kilo ɗaya a buhun siminti mai kilo 50. Akwai kuma na shafawa da buroshi a kan daɓe da filasta bayan sun bushe. Wannan shafi biyu ake yi, a bar na farko ya sha iska kafin na biyu. A shafe ƙasa duka, a hau bango har kusan mita biyu a inda ruwa ke fantsama. Kusurwar da bango ya haɗu da daɓe, da bakin ramin ruwa, da inda tiyo ya huda bango, nan ne yoyo ke farawa, don haka a ƙara musu kulawa. Kowane magani da awonsa a jikin leda ko gwangwani, a sa wanda ya iya karatu ya duba.

Na huɗu, gwajin kwana ɗaya. In maganin ya bushe, a toshe ramin, a tara ruwa kamar tsayin yatsa, a yi alama a bango, a bar shi awa 24. In ruwan ya sauka sosai ko bayan bangon ya yi danshi, akwai kafa. Sai an toshe ta ake ɗauko karo.

Wajen manna karon, a cika bayansa da siminti ko gam ɗin karo, kada a ɗiɗɗiga a kusurwa huɗu kawai. Wanda ka ƙwanƙwasa ka ji yana amo kamar ganga, ƙarƙashinsa rami ne, can ruwa zai taru. Na ƙasa kuma a zaɓi mai kaushi, saboda tsofaffi da yara kada santsi ya kayar da su.

Sai ruwan da ya fito waje. Kada a sake shi a gindin bango ko a kan hanya, inda zai zama gidan sauro. A haƙa masa rami a cika da duwatsu, nesa da ginin, kuma nesa da rijiya, da son samu mita 30. In bangon na ƙasa ne, siminti ba ya kama shi da kyau, gara a gina wa makewayin nasa bangon na bulo.

Ku da ke waje kuna turo kuɗi, kada ku tsaya jiran hoton ƙarshe. Ku ce a aiko muku ta WhatsApp hoton tiyo kafin a rufe shi, da hoton maganin a shafe, da bidiyon ruwan gwaji. Ku raba biyan kuɗin aiki mataki-mataki, kuma a samu wani babba a gida da zai tsaya a kai. Magini mai amana ba zai ji haushin haka ba. Kuɗin maganin da kwanakin jira ba su kai kuɗin fasa karo da sāke bango ba. In da hali, a yi aikin da rani, a gama kafin ruwan farko ya sauka.