Koyon Zanen Katun Ta Intanet: Sabuwar Kafar Zuba Jari

Sana'ar zanen katun mai motsi, wadda a da sai masu hali ke tura 'ya'yansu ƙasashen waje su koyo ta, yanzu ta kai ga duk matashin da ya mallaki kwamfuta da layin intanet.

A shekarar 2015 ne kamfanin Pixar na Amurka ya haɗa gwiwa da Khan Academy suka fito da darussan kyauta masu suna Pixar in a Box, inda ma'aikatan kamfanin ke nuna yadda ake tsara labari, da ƙago siffar ɗan wasa, da lissafin da ke sa hoto ya motsa. Haka kuma, a 2019 kamfanin Triggerfish na Afirka ta Kudu ya buɗe irin wannan makaranta kyauta.

Kayan aikin ma sun yi sauƙi, domin manhajar Blender kyauta ce tun 2002, kuma da ita aka shirya fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya wanda ya ci lambar Oscar a 2025.

Kasuwa ta buɗe wa Nijeriya, ganin yadda kamfanin Kugali da na Disney suka saki Iwájú a 2024, labarin da aka gina a kan birnin Legas.

Sai dai darasin kyauta ba ya maganin ƙarancin lantarki da tsadar data da kwamfuta mai ƙarfi. A nan ne ɗan kasuwa zai iya zuba jari, ya kafa cibiya mai lantarkin sola, matasa su koya, su riƙa shirya wa kamfanoni tallace-tallace, kafin riba da ƙwararrun su ƙare a hannun ƙasashen waje.