Turawa na tattalin tsohon wardi, mu ina ɗan'ilanmu?

Duk mai amfani da WhatsApp ya san ɗan jan furen nan da ake tura wa masoyi ko a liƙa a ƙasan hoto. Sunansa wardi. Masu lambu a Turai sun raba shi gida biyu, tsoho da sabo, kuma iyakar ita ce shekarar 1867, lokacin da aka fito da wani iri mai suna La France a ƙasar Faransa. Dangin da suka riga shi su ake kira tsofaffin wardin lambu, irin su Gallica da Alba da Centifolia da kuma Damask, wanda ya samo sunansa daga birnin Dimashƙa.

Yawancin tsofaffin nan sau ɗaya suke fure a shekara, sababbin kuwa suna ta maimaitawa. Amma ƙamshi fa yana wurin tsofaffi. Damask ake nomawa a Ɗa'ifa ta Saudiyya da ƙasar Bulgeriya, a tatsi man da ake haɗa turare mai tsada da shi. Shi ya sa ba a yar da su ba. Har yau akwai masu tattalinsu, kowane iri da sunansa da tarihinsa.

To mu nan Kano, ina namu tsohon irin? Ba a lambun fure yake ba, a gona yake. Ku leƙa Minjibir da damina ku gani: gonaki manne da juna, gero da dawa da gyaɗa da wake duk a fili ɗaya. A cikin waken nan akwai ɗan'ila da kanannado, irin da iyaye suka gada daga kakanni.

Waɗannan wake ne masu yaɗo. Suna haƙuri a ƙarƙashin inuwar gero, ba sa gaggawar fure sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina. Da an girbe gero sai su samu sarari su bazu. Manomi ya samu ƙwayar ƙosai da alala, ya kuma samu harawa, musamman daga kanannado. Wanda ya taɓa kiwon ragon layya ya san kuɗin damin harawa da rani.

A Minjibir ɗin dai, kusa da madatsar ruwa ta Wasai, akwai gonar gwaji ta cibiyar IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967. An daɗe ana gwada sababbin irin wake a wurin: masu tsayuwa tsaye, masu nuna cikin kwana 60 zuwa 70, da waɗanda wuta-wuta ba ta kashewa. A 2019 kuma aka amince da SAMPEA 20-T na cibiyar IAR ta Zariya, wanda ke jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Ga manomin da ruwa ke ɗauke masa da wuri, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne, kuma babu mai cewa a guje shi.

Sai dai ku ji wannan. Juriyar wuta-wuta da aka sa wa wasu sababbin irin, daga wani waken gargajiya na ƙasar Botsuwana aka samo ta, wanda masana ke kira B301. Da mutanen can sun watsar da shi, da manomin Minjibir ya yi asara bai ma sani ba. Kun ga ashe sabon iri daga tsoho yake fitowa.

Gaskiya ne IITA na ajiye da samfurin wake sama da 15,000 a Ibadan, har an kai wasu rumbun iri na Svalbard a ƙasar Norway da aka buɗe a 2008. Amma firiji ƙwaya kawai yake ajiyewa. Ba ya riƙe sanin wace ƙasa iri ke so, ko yaushe ake shuka shi bayan gero, ko wanne ya fi tashi a ƙosai. Wannan ilimi yana kan tsofaffinmu, kuma kullum raguwa suke yi.

Nan ne wayarka za ta yi rana. In ka je gida, tambayi baba ko kaka sunayen waken da suke ajiyewa, har da dawa irin su kaura da farafara. Ɗauki hoton ƙwayar a tafin hannu, rubuta sunanta da garinku da abin da aka san ta da shi, ka ɗora. In akwai gona, a bar wa tsohon iri ko da kunya biyu ne a gefe.

Yanzu ku faɗa mana: a garinku, wane irin wake ne kuka ji sunansa a bakin kaka amma ba ku ƙara ganinsa a kasuwa ba?