Ƙungiyoyin ɗalibai: Makarantar koyon shugabanci a Najeriya

Ƙungiyoyin ɗalibai sun daɗe suna zama wurin da matasan Najeriya ke fara koyon shugabanci da kare muradun jama'a.

A shekarar 1960 ɗalibai sun yi zanga-zangar adawa da yarjejeniyar tsaro tsakanin Najeriya da Birtaniya, wadda aka soke a 1962.

A 1978 kuma, ƙarin kuɗin abinci da masauki a jami'o'i ya haddasa boren da aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya. Gwamnatin mulkin soja ta haramta ƙungiyar NUNS, kafin NANS ta maye gurbinta a 1980.

Sai dai aikin ƙungiyoyin bai tsaya ga zanga-zanga ba. A majalisar ɗalibai ne matashi ke koyon tsayawa takara, da muhawara, da tsara kasafi, da yi wa waɗanda suka zaɓe shi bayanin yadda ya kashe kuɗinsu.

Don haka, duk lokacin da hukumomin jami'a suka dakatar da ƙungiya saboda rikici, wannan horo ne ke tsayawa.

Buƙatar horon ta ƙaru tun 2018, lokacin da aka rage shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25.

A zaɓen 2023, ɗalibai kimanin miliyan 26 ne ke cikin rajistar masu zaɓe miliyan 93, amma kashi 27 cikin ɗari ne kawai na masu rajista suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa.