Abin da ya kamata ku sani game da kalmomin juriya a Turanci

Haƙuri kalma ce da Bahaushe ya ɗora wa kaya masu yawa. Ita ake faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, ita ake ba wanda aka ɓata wa rai, ita ake roƙon wanda ya gaji da bin layi a banki. Mai koyon Turanci yakan ɗauka "patience" ce takwararta a ko'ina, daga nan kuma ake fara samun tangarɗa. A kunnen Bature, "be patient" na nufin ka rage gaggawa, ka jira lokacinka. In ka faɗa wa mutumin Ingila haka ranar da mahaifiyarsa ta rasu, zai ji kamar faɗa kake yi masa. Abin da suke cewa wajen ta'aziyya shi ne "I'm sorry for your loss". Ita kuwa "take heart" da muke ji a Turancin Najeriya in an je gaisuwar mutuwa, a can sun fi amfani da ita wajen ƙarfafa wa wanda ya karaya gwiwa.

Turanci rarraba wannan kaya ya yi, kowace kalma da nata ɗaukar. "Endure" daurewa ce a kan abin da ba ka da ikon kawarwa, irin su ciwo, yunwa ko zaman kurkuku. "Persevere" kuwa dagewa ce a kan aikin da kake da hannu a ciki, kamar ɗalibar da ba ta samu makin JAMB ba ta sake zama ta karanta. "Persist" naci ne, kuma ba kullum take zuwa da yabo ba: tarin da ya ƙi tafiya ma da ita likita yake kwatanta shi.

Wadda ta fi cancanta a tsaya a kanta ita ce "cope". Ba ta nufin ka ci nasara, ba ta kuma nufin ka daina jin zafi. Ma'anarta kana iya ɗaukar nauyin rayuwarka ta yau da kullum duk da abin da ya same ka. A 1984 masana halayyar ɗan Adam biyu, Richard Lazarus da Susan Folkman, sun kasa hanyoyin yin hakan gida biyu: akwai mai tunkarar matsalar kanta, misali wanda aka sallama daga aiki ya fita neman wani, akwai kuma mai lallashin zuciyarsa da addu'a, kuka ko hira da ɗan'uwa. Dukkansu halal ne a wajen masanan, ya danganta da ko matsalar mai gyaruwa ce.

Wannan kalma tana da muhimmanci ga 'yan'uwanmu da ke karatu ko aikin jinya a Birtaniya. In likita ko shugaban aiki ya tambaye ka "How are you coping?", ba gaisuwa ba ce irin "ya aiki?" da za ka amsa da "da godiya". Tambaya ce ta gaske. Mu kuwa an rene mu a kan ɓoye damuwa, sai mutum ya ce "I'm managing", yana nufin abin da muke nufi da "ana maneji", wato al'amura sun yi tsanani. Shi Baturen abin da ya ji shi ne komai na tafiya daidai, sai ya wuce. Wanda abu ya fi ƙarfinsa ya fito fili ya ce "I'm struggling" ko "I can't cope". Waɗannan su ne kalmomin da ke sa a zauna a saurare shi, kuma ba a ɗaukarsu abin kunya.

Akwai kuma maganganun hira da aboki zai jefa maka: "hang in there" da "keep your chin up", duk ƙarfafa gwiwa ne, kamar a ce "daure dai". "Soldier on" ci gaba ne da aiki ko da jiki ya gaji. Ingilishi suna alfahari da abin da suke kira "stiff upper lip", wato cijewa ba tare da fuska ta nuna ba. Daga wannan ɗabi'a aka samu rubutun nan da ake gani a riguna da kofuna, "Keep Calm and Carry On". Gwamnatin Birtaniya ce ta buga shi a 1939, ana jajiberin Yaƙin Duniya na Biyu, kwafi sama da miliyan 2, amma kusan ba a manna shi a ko'ina ba. Sai a shekarar 2000 aka tsinci kwafi ɗaya a wani kantin tsofaffin littattafai, Barter Books, a garin Alnwick, daga nan ya bazu duniya.

Sai kalmar da ta cika bakin ƙungiyoyin agaji, "resilience". Duk wanda ya taɓa zama a taron bita a Maiduguri ko Diffa ya ji ta har ya gaji. Asalinta daga Latin ne, tana nufin abu ya dawo yadda yake bayan an danne shi. Binciken da ya fi fito da ita shi ne na Emmy Werner, wadda ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawaii a 1955 har suka kai shekara 40. Cikin waɗanda suka tashi a gidajen talauci da rikici, kusan kashi ɗaya bisa uku sun girma sun zama mutanen kirki masu riƙe kansu. Babban abin da ta lura da shi a tare da su shi ne kowannensu ya samu wani babba guda da ya tsaya masa, kaka ko malami ko maƙwabci.

A nan nake da ƙorafi kan yadda ake juya kalmar a yau. Ana yabon manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, ko matar da ta shekara goma a sansanin gudun hijira, ana cewa ai mutanenmu "resilient" ne, kamar yabon ya isa ya maye gurbin tsaro, asibiti da makaranta. Binciken da ya ɗaukaka kalmar kansa ya nuna ba mutum kaɗai ke farfaɗo da kansa ba, sai da hannun da ya tallafe shi. Saboda haka in kuka ji wani jami'i ya kira ku da wannan suna a taro, ku karɓi yabon, sannan ku tambaye shi wane tallafi ya zo da shi, kuma yaushe zai iso hannunku.