Aiki Ya Koma Kan Inji, Ciwo Ya Dawo Kan Jiki

Je ka fadamar Rima da rani, ko'ina tsakanin Goronyo da Wurno, ka sami mai albasa ko mai tafarnuwa sunkuye a cikin fangali tun kafin hantsi, ka ce masa likitoci sun ce ya riƙa motsa jiki. Dariya zai yi maka, kuma yana da gaskiya. Mai noma da fartanya, da mai jan taru a dam ɗin Goronyo, da yarinyar da ke ɗauko ruwa daga rijiya sau huɗu a yini, duk sun biya bashin da jiki ke bin su har da ƙari. Maganar ta sauranmu ce, kuma mun fi yawa yanzu fiye da yadda muke zato.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri da ƙasashe suka amince da shi, na rage yawan marasa motsa jiki da kashi 15 cikin ɗari kafin 2030. A 2020 ta fayyace ma'aunin: baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na aiki mai sa numfashi ya ɗan ɗaga, yaro kuma awa guda kullum. Da aka fitar da ƙididdiga a 2024, sai aka ga wajen mutum biliyan 1.8, kusan baligi ɗaya cikin uku a duniya, ba su cika wannan mudu ba. Abin lura shi ne hukumar ba ta ce sai an sayi takalmin gudu ko an shiga ɗakin ɗaga ƙarfe ba. Noma, daka, shara, tafiya kasuwa da ƙafa, tuƙa keke, duka tana lissafa su.

To ina matsalar take a wurinmu? Tana cikin sauƙin da muka samu, wanda ba mai hankalin da zai ce a mayar. Injin ban ruwa ya kori jigo. Injin niƙa ya ajiye dutsen niƙa, ya rage wa turmi aiki. Babur ya shiga kowane lungu, har ta kai mutum zai je masallacin da ke bayan gidansa sai ya tayar da mashin. Ɗan kabu-kabu yana wuni zaune a kan sirdi. Mai shago a Achida yana wuni a kan benci. Malamin makaranta, ma'aikacin ƙaramar hukuma, tela, mai cajin waya, dillalin albasa da ya daina shiga gona ya koma ciniki a inuwa, kowa zaune. Aikin ya bar jiki, amma malmalar tuwon shinkafa ba ta ragu ba, an ma ƙara mata lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu.

Tun 1953 wani likita a Landan, Jerry Morris, ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direban da ke zaune ya fi kwandastan da ke hawa da sauka a matakala kamuwa da ciwon zuciya. Ba sai mun je Ingila ba ma: likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo sun auna Fulanin birnin Sakkwato da na ƙauye, suka tarar ciwon suga a birni ya ninka na ƙauye sau da yawa. Jini ɗaya ne, zaman ne ya bambanta. Dalilin kuwa a fili yake. Tsokar da ke aiki tana zuƙe sukarin da ke yawo cikin jini ta ƙone shi. Wadda ke kwance ba ta da buƙatarsa, sai ya taru. Jijiyoyin jini ma suna yin laushi da motsi, su ƙage da zama, daga nan hawan jini, daga hawan jini sai shanyewar ɓarin jiki, wadda har gobe wasu ke ɗora wa iska ko sammu.

Akwai kuma wata al'ada tamu da ke taya ciwon yaƙi. In tumbi ya fito sai a ce Alhaji ya samu, in mace ta yi ƙiba sai a ce mijinta na kula da ita, in dattijo ya ɗauki fartanya sai a zargi 'ya'yansa da rashin tausayi. Girma a wurinmu shi ne a zauna a kawo maka. Amma Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, yana Firimiyan Arewa bai bar wasan fives ba, wato ƙwallon nan da ake bugawa da hannu a jikin bango, wanda ya koya a Kwalejin Katsina. Gumi bai rage masa rawani ba.

Mata su ne suka fi ba ni tausayi a wannan lamari. Matar da ke cikin gida, an ɗauke mata niƙa da ɗibar ruwa, ga haihuwa a kai a kai, ba ta da filin ƙwallo, ba ta da majalisa da za ta taka zuwa. Maigida, kada ka ga uwargida tana zagaya tsakar gida da sauri ka ce me ya same ta. Minti goma da safe, goma da la'asar, goma bayan isha'i, an sami talatin. A yi haka kwana biyar, an cika 150. Ziyarar 'yan uwa a cikin gari, in ba nisa, a taka. Mai juna biyu ma an so ta riƙa tafiya, sai dai in ma'aikaciyar asibiti ta hana saboda wani dalili.

Na san halin rashin tsaro da gabashin Sakkwato ke ciki. Goronyo ba ta manta harin kasuwa na Oktoban 2021 ba, kuma mutane da yawa daga ƙauyukan Rabah sun bar gonakinsu sun koma zaman gudun hijira, manomin da ya saba wuni a gona ya wayi gari ba abin yi sai tagumi. Ba wanda zai ce ka fita bayan gari da duku-duku kai kaɗai. A yi tafiyar cikin gari, mutum biyu ko uku, bayan sallar asuba kafin rana ta buɗe, musamman a watannin bazara da zafi ke haura digiri 40. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya hira amma ba za ka iya rera waƙa ba.

Kada kuma manomi ya ɗauka ya tsira baki ɗaya. Gishiri da dunƙulen miya, taba, gado da shekaru suna kawo hawan jini ko ga mai gumi, kuma kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba, don ba ya sallama. Awo a babban asibitin Wurno, Rabah ko Goronyo ba ya cin minti biyar. In ya kai 140 bisa 90, a sake aunawa wata rana, a ji ta bakin likita. Wanda aka riga aka ɗora kan magani kada ya ajiye shi don ya fara tafiya. Tare suke aiki. Wanda kuma ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe yana cikin tafiya, ya tsaya nan take, a kai shi asibiti ranar, kada a jira sai ranar kasuwa.