Jinin ɗan'uwa ba lallai ya dace ba

Idan likita ya leƙo daga ɗakin haihuwa ya ce a nemo jini leda biyu, abin da dangi suka saba yi a Tudun Wada ko Doguwa shi ne su tattaro maza: miji, yayyen mai naƙuda, ƙannen miji. A ɗakin gwaji sai a tsaga ɗan yatsan kowa, a ɗiga jininsa wuri uku a kan farin tangaran, a zuba wa ɗaya ruwan gwaji shuɗi, ɗaya mai ruwan ɗorawa, na ukun garai-garai. Ɗigon da ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke shi ke bayyana rukunin mutum. Sau tari wanda suke ciki ɗaya da maras lafiyar ake cewa nasa bai dace ba, ya fito yana ƙunƙuni.

Ba laifin mai gwaji ba ne. Tun 1901 Karl Landsteiner, wani likita a birnin Biyana, ya gano cewa jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da tambari. Wani nasa A ne, wani B, wani duka biyun wato AB, wanda ba shi da ko ɗaya kuma shi ne O. Ruwan jinin mutum yana yaƙar duk tambarin da ba nasa ba. A ƙara wa mai A jinin B, nan da nan rawar ɗari da ciwon baya su taso, fitsari ya yi duhu, ƙoda ma tana iya tsayawa. Shi tambarin gado ne, rabi daga uwa rabi daga uba, har uba mai A da uwa mai B suna iya haifar 'ya'ya huɗu kowa da rukuninsa daban.

Wajen rabin 'yan Najeriya O ne. Ƙwayoyinsu suna shiga jikin mai A da B da AB, amma su sai na ɗan'uwansu O. Duk da haka ba a ɗaura leda sai an gauraya jinin mai bayarwa da na mai karɓa an ga sun zauna lafiya, an kuma tantance ba shi da ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere.

Ɗigo na ukun nan shi ya fi damuna. Yana neman wani tambari ne daban, Rh, wanda Landsteiner da Alexander Wiener suka bayyana a 1940. Mai shi fozitif ne, marar shi negetif, kuma a ƙasar nan negetif ba su wuce kamar biyar cikin ɗari ba. Mace negetif da jini ya ɓalle mata a Riruwai, in ba a samu irin nata a kusa ba, sai an ratsa dajin Falgore, a wuce Tudun Wada da Kwanar Dangora kafin a kai Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Zubar jinin bayan haihuwa kuwa yana iya kashewa cikin awa biyu.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. In mace negetif ta ɗauki cikin ɗa fozitif, na fari yakan tsira, amma jininsa da ya tsallaka jikinta a wajen haihuwa ko ɓari yana sa garkuwarta ta shirya wa na baya. Sai a riƙa haifar jarirai da shawara mai tsanani, ko su zo ba rai, a gida kuma a ce wabi take yi. Allurar anti-D cikin awa 72 da haihuwa tana tare wannan. Dalili makamancin haka ne ya sa likitoci ba su son ƙara wa mace mai haihuwa jinin mijinta, ko da rukuninsu ɗaya.

A 2024 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure, abin a yaba. Sai dai da yawa suna ganin AA a takarda su ɗauka sun san rukuninsu, alhali wannan gwajin sikila ne. A ganina kamata ya yi amarya ta nemi a haɗa mata da na rukuni tun ranar gwajin, asibitocin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa kuma kowanne ya ajiye sunayen masu negetif na garinsa da lambobin wayarsu. Namiji lafiyayye yana iya ba da leda ɗaya duk wata uku.